Kundin aiki: daidaita gas da fetur a Corolla 2005 ta hanyar karanta STFT da LTFT

Litinin, 2 ga Disamba 2024

Motar Toyota Corolla ce ta 2005, injin 1ZZ-FE mai lita 1.8, giya otomatik, ana haya da ita tsakanin Kubwa da cikin garin Abuja. An sa mata kayan CNG (iskar gas da aka matse a tukunya) a wani wuri kafin ta zo nan, irin mai nozul huɗu da ƙwaƙwalwar gas, wato kwamfutarta, ta daban. Kukan mai ita uku ne: wutar cek ba ta mutuwa, da safe motar tana sarƙewa a fetur in aka taka totur, sannan a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, tana rawa in tana kan gas.

Sikana, na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota, ta nuna P0171, wato mai ya yi kaɗan. STFT da LTFT lambobi ne da ke nuna kashi nawa cikin ɗari ƙwaƙwalwa ke ƙara wa mai ko rage shi. Injin da zafi, a silo, a fetur: LTFT +21, STFT tana yawo tsakanin +4 da +8. A kan titi da gudun kilomita 60 zuwa 80, LTFT ta koma −18. Mota ɗaya, a wani yanki tana roƙon ƙarin mai, a wani tana zubar da shi. Cuta biyu ke nan aƙalla.

Tushen aikin shi ne wannan. Ƙwaƙwalwar Toyota tana auna iskar da ke shiga da sensar MAF, ta lissafa tsawon lokacin da za ta buɗe nozul don a samu iska 14.7 ga mai 1. Sensar da ke bakin salansa ta duba hayaƙi ta kawo rahoto. In mai ya gaza, ƙwaƙwalwa ta ƙara lokacin, lambar ta tafi +. In ya yi yawa ta rage, lambar ta tafi −. STFT ita ce gyaran nan take, tana motsi kowace daƙiƙa. In ta daɗe a gefe ɗaya, sai a kwashe ta a zuba a LTFT, wadda ke zama a ajiye ko an kashe mota. Kamar ciniki ne: STFT kuɗin da ke hannu, LTFT wanda ya riga ya shiga littafi. Don haka kullum a haɗe ake karanta su.

Ƙwaƙwalwar gas kuwa ba ta lissafin iska. Tana sauraron lokacin da ta Toyota ta ba nozul ɗin fetur, ta ninka shi da lambar da ke cikin taswirarta, wato teburin lambobin da aka saita mata, ta buɗe nozul ɗin gas. Ta Toyota ba ta san an canza mata abinci ba. LTFT ɗaya ce ga fetur da gas, kuma daga nan sarƙewar safe ta fito: yini guda a gas mai yawa ya koya mata −18, da asuba ta tashi a fetur ta rage masa kashi 18 cikin ɗari ba gaira ba dalili.

An kulle motar a fetur. Ba za a taɓa taswirar gas ba sai ɓangaren fetur ya zauna daidai.

Laraba, 4 ga Disamba

An zare fis ɗin EFI, mai ba ƙwaƙwalwa wuta, na minti biyu don share abin da ƙwaƙwalwa ta koya, aka yi zagaye a fetur zalla. −18 ta ɓace, wanda ya tabbatar daga gas ta zo. Ta silo ta dawo inda take.

Gwaji a tsaye, jimillar STFT da LTFT:
- silo, juyi 700 a minti: +27
- juyi 1500: +13
- juyi 2500: +6

Lambar da ke da girma a silo tana narkewa in juyi ya hau, alamar iska ce da ke satar hanya bayan MAF. A silo injin nan giram 2 kacal na iska yake ja a daƙiƙa, ɗan rami ya ƙara masa rabin giram ya zama kashi 25. A juyi 2500 ramin bai ƙara girma ba, iskar ce ta ninku, sai kasonsa ya faɗi.

An fesa ruwan wanke kafireto kaɗan-kaɗan ana kallon STFT. Wuri biyu ta faɗi warwas: gindin manifol ta wajen silinda ta 1, da kuma kan nozul na gas na silinda ta 3, inda aka huda manifol ɗin roba aka murɗa shi ba tare da gam ba.

Wani abu da ya fito a zagayen: zafin ruwa bai wuce digiri 62 ba a kan titi. An cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda ake yi wa motoci da yawa a ƙasar nan da sunan gudun zafi. Ga wannan aiki hakan ba zai yiwu ba. Injin da bai kai zafinsa ba yana karɓar ƙarin mai na ɗumama, koyon LTFT ba ya tafiya yadda ya kamata, kuma ruwan nan ne ke ɗumama regiletar gas, mai sauke matsin gas ɗin tukunya.

Alhamis, 5 ga Disamba

An sauke manifol. Gaskit ɗin ya bushe ya lafe, tsufa ne. An sa sabo, aka ɗaure da 30 Nm daga tsakiya zuwa gefe. Kawunan gas huɗu duk an kwance an mayar da gam mai jure zafi, aka busa cikin manifol don kada ɓarɓashin roba ya shiga injin. An mayar da tamostat mai buɗewa a digiri 82, fanka ta koma hannun ƙwaƙwalwa, aka fitar da iska daga ruwa.

Kuɗi: gaskit ₦7,500, tamostat ₦14,000, ruwan lagireto ₦9,000, gam ₦3,500.

Silo yanzu jimilla +3.

Asabar, 7 ga Disamba

Sauran matsala ta bayyana a kan titi, wadda ɗigar iska ta rufe a baya. A hanyar filin jirgi, da an ɗora wa injin nauyi jimillar tana hawa: +4 a gudu sannu, +9 a kilomita 100, +14 a hawa. Wannan kishiyar ta ranar Laraba ce. Lambar da ke girma tare da nauyi tana nuna ɗayan biyu: ko fetur ba ya isowa, ko MAF tana ƙirga iska ƙasa da yadda take.

An fara da fetur tunda shi ya fi haɗari. Agogon matsi ya nuna bar 3.2, wato kPa 320, kuma bai faɗi ba da aka taka. Ƙa'idar injin nan kPa 304 zuwa 343 ce, ke nan famfo lafiya lau.

MAF: a giya ta biyu, an taka totur har ƙasa, juyi 6000, ta nuna giram 74 a daƙiƙa. Lissafi mai sauƙi: lita 1.794 sau 3000 a minti (injin na shan iska sau ɗaya a juyi biyu), a raba da 60, kusan lita 90 ke nan a daƙiƙa, kuma litar iska mai ɗumi ta ɗan haura giram 1.1. Tunda silinda ba ta cika taf, ana sa ran wajen giram 90. Da aka zaro sensar, wayoyin cikinta biyu sun yi furfura da ƙurar hunturu, filtar iska kuma ta yage a kusurwa. Ƙura tana lulluɓe wayar da ke da zafi, iska ba ta sanyaya ta da kyau, sai ta kai rahoton ƙarya. An wanke da ruwan wanke MAF, ba a taɓa wayar da komai ba, ta bushe minti goma. Sabuwar filta. An sake gwaji: giram 88.

Ruwan MAF ₦8,000, filta ₦6,000.

Talata, 10 ga Disamba

Motar ta yi aikinta na haya a fetur tun Asabar. Ga ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi, jimillar lambobin biyu da lokacin nozul:
- silo, babu AC: +2, ms 2.3 (ms ɗaya bisa dubu ne na daƙiƙa)
- silo da AC, giya a D: +3, ms 3.1
- kilomita 60: +1
- kilomita 100: +4
- hawa da rabin totur: +5

Waɗannan lambobi su ne abin nema a gas, ba sifili ba. Wanda ya kori sifili a gas alhali fetur yana +5, ya mayar da bambancin ne kawai ɗaya gefen, kuma duk sauyi daga wannan mai zuwa wancan sai ƙwaƙwalwa ta sake koyo.

Alhamis, 12 ga Disamba

Ranar farko a gas. Kafin komai an bi duk mahaɗa da ruwan sabulu daga tukunya zuwa regileta, ba kumfa. Tukunya tana bar 180.

Da aka juya a silo injin ya fara rawa, STFT tana tsalle daga −12 zuwa +10 ba ta tsayawa. Laftof ya nuna lokacin nozul na gas ms 2.8. Nan matsalar take. Nozul ɗin gas ƙarfe ne mai nauyi fiye da na fetur, irin wanda ke kan motar nan yana cin kusan rabin wannan lokaci kafin ya gama buɗewa. A ƙasa da ms 3, wani bugu ya buɗe sosai, wani ya buɗe rabi. Ƙwaƙwalwar Toyota tana bin inuwa, ta ƙara ta rage, ba ta kamawa. Babu lambar taswira da za ta gyara wannan.

Dalilin gajeren lokacin: bakin nozul an huda shi milimita 2.8, matsin regileta kuma bar 2.2. Ga injin da kowace silinda ke ba da doki 32 ko kusa, wannan ya yi yawa. Shi ne kuma tushen −18 na tsakiyar gudu, domin wanda ya haɗa ya bar wa na'ura ta daidaita kanta a silo, a injin mai sanyi, bai fita titi ba.

An yi odar bakuna na milimita 2.4.

Juma'a, 13 ga Disamba

Bakunan ba su iso ba. An duba fulogi da kwayil. Gas ya fi fetur wuyar kunnawa, fulogin da ke wucewa a fetur yakan gaza a gas, kuma silindar da ta ƙi kamawa tana tura iskar da ba ta ƙone ba zuwa sensa, ta karanta ta a matsayin ƙarancin mai. Biyu sun cinye har tazararsu ta kai milimita 1.4. An canza huɗun, ₦36,000.

Litinin, 16 ga Disamba

An ɗaura bakuna 2.4, ₦10,000. Faɗin ramin ya ragu da kusan kashi 27, tunda ana lissafi da murabba'in faɗi ne. An sauke matsi zuwa bar 1.9. Lokacin gas a silo ya koma ms 3.6, rawar ta tafi.

Sai gwajin da ba a cika yi ba, kuma ya fi kowanne amfani a injin mai sensa ɗaya. Sensar salansa matsakaicin silinda huɗu take gani. In ɗaya ta sha da yawa wata ta sha kaɗan, jimilla za ta fito da kyau alhali ana ƙona bawul a ɓoye. Manhajar gas tana ba da damar juya silinda ɗaya-ɗaya, sauran suna fetur. Motsin STFT daga inda take a fetur:
- silinda 1: −1
- silinda 2: −1
- silinda 3: −2
- silinda 4: +4

Kada a raina +4 ɗin nan. Silinda ɗaya ce cikin huɗu ta jawo shi, ke nan ita kanta ta gaza da wajen kashi 16. Tiyonta ya kai santimita 34, na sauran 15 zuwa 18, kuma ya lanƙwashe a bayan wayoyi. An matsar da layin nozul ɗin zuwa tsakiya, aka yanka tiyo huɗu daidai wa daida, santimita 17 kowanne. An sake: duk suna tsakanin −1 da −2.

Laraba, 18 ga Disamba

Taswira. Mutum biyu a mota, ɗaya a sitiyari, ɗaya da laftof da sikana. Direba ba ya kallon allo. An share LTFT, aka bar ta ta sake zama a fetur, sannan aka fara.

Yadda ake yi: a riƙe totur wuri ɗaya har lambobi su natsu a fetur, a rubuta, a juya gas ba tare da ƙafa ta motsa ba, a jira daƙiƙa goma, a rubuta. Ba a ɗaukar lamba lokacin da ake takawa ko sakewa, kuma in an saki totur gaba ɗaya ana gangara ƙwaƙwalwa tana yanke mai, lambar lokacin ba ta da ma'ana.

Gyaran da rabawa ake fitar da shi. A kilomita 100 fetur +4, gas +15: 1.15 a raba da 1.04 ya ba da 1.106, wato a ƙara wa wannan gurbi kashi 10 da ɗoriya. Kashi biyu cikin uku na wannan ake sawa a karon farko, saboda lokacin buɗewar nozul ba ya ninkuwa tare da sauran, kuma gurbin da ke maƙwabtaka yana da tasa gudummawa. Sai a sake aunawa. Duk gurbin da aka taɓa ana lallaɓa na gefensa, don taswira mai tudu da rami tana sa mota fizga ko da kowace lamba ta yi kyau ita kaɗai.

Daga ms 2.5 zuwa 8 na lokacin fetur an gama, bambanci bai wuce 3 ba ko'ina.

Asabar, 21 ga Disamba

Koma baya. A hanyar Zuba, a hawa, fasinja huɗu da AC, STFT ta hau +12, +19, +25, sai ƙararrawa ta yi kuka motar ta koma fetur da kanta. Tukunya tana bar 120, ba ƙarewa ba ce.

Abin da hannu ke so ya yi shi ne ƙara lamba a saman taswira. Bai kamata ba, ga dalili. In taswira ce ta gaza, STFT za ta tsallaka zuwa wata lamba ta tsaya a can muddin ƙafa ba ta motsa ba. Wannan hawa take yi a hankali alhali totur yana wuri ɗaya, ke nan wani abu ne ke raguwa. Rikodin laftof ya nuna shi: matsin gas ya zame daga 1.9 zuwa 1.2 cikin daƙiƙa takwas. Zafin regileta yana digiri 70, don haka ba daskarewa ta yi ba.

An kwance filtar gas da ke tsakanin regileta da nozul, ta yi nauyi, takardar ciki ta jiƙe sharkaf da baƙin mai. Man kwamfuresa ne da ke biyo gas daga wurin cikawa, ya taru a hankali. A silo gas kaɗan ke wucewa, ba a ganin komai. Da an nemi da yawa sai filtar ta shaƙe. An canza ta, aka tsiyaye regileta, aka wanke layin nozul. A hawan nan dai, matsi bai sauka ƙasa da 1.8 ba, jimilla +6.

Da an ƙara kashi 20 a taswira don rufe wannan, ranar da aka canza filta motar za ta koma −20 a wurin, sarƙewar safe ta dawo.

Filta biyu, ɗaya ajiya, ₦11,000. Toshewar ta iya shafar awon ranar Laraba, don haka an sake bin gurabun ms 6 zuwa 8. Biyu sun buƙaci ragin kashi 3.

Litinin, 23 ga Disamba

Totur an taka shi har ƙasa. A nan ƙwaƙwalwa tana daina bin sensa, STFT ta tsaya a sifili, kuma wannan sifilin ba shaidar lafiya ba ce. Babu mai gyara kuskure a wannan yanki, kuma nan ne zafi ya fi yawa. Sa'a ɗaya, sensar gaba ta wannan shekarar mai faɗin awo ce, sikana tana iya nuna lamda kai tsaye, wato ma'aunin haɗin iska da mai: 1 daidai ne, ƙasa da 1 mai ya fi yawa. A fetur ta ba da 0.85. A gas da farko 0.99, ya yi kusa da ƙarancin mai ga injin da ke cikakken nauyi. An ƙara har 0.91 aka tsaya. Gas ba ya sanyaya silinda kamar fetur, zuba fiye da haka asara ce.

Lokacin nozul na gas a juyi 6000 ya kai ms 17.5. Zagayen injin a wannan juyi ms 20 ne, akwai sauran fili. Da an sauka zuwa baki 2.2 da ba zai isa ba.

Ƙarfi ya ɗan ragu a gas, kuma ba laifin taswira ba ne: gas yana cinye kusan kashi 10 na wurin da iska za ta shiga.

Litinin, 30 ga Disamba

Mako guda tana aiki, wutar cek ba ta dawo ba. LTFT a kilomita 60 tana +2.

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Saura abu guda. Da sassafe, jim kaɗan bayan ta juya gas, jimilla −7. Da azahar a cunkoso +8. Taswira ɗaya, titi ɗaya. Gas mai sanyi ya fi nauyi, tsakanin digiri 30 da 60 abin da ke ratsa nozul yana bambanta da kusan kashi 5, kuma ƙwaƙwalwar gas tana da teburin rama wannan. Tazarar 15 ta fi ƙarfin hakan.

Da safe kafin a tada mota, komai na injin zafinsa ɗaya ne. Sensar ruwa ta ce 19, ta iska 20, ta gas ta ce 3. A manhajar an zaɓi sensa mai 4.7k, wadda ke jikin layin kuwa da aka auna ta da mita mai 10k ce. Teburin ramawa yana aiki da zafin ƙarya tun ranar da aka haɗa kayan. An gyara zaɓin, ta nuna 20. An ɗaga zafin juyawa zuwa gas daga digiri 30 zuwa 40.

Wannan ya gusar da taswirar gaba ɗaya, domin an gina ta a kan ramawa marar daidai. An rage kashi 4 a ko'ina, aka sake bin wuraren awo biyar.

Asabar, 11 ga Janairu

Fetur da gas, gefe da gefe: silo +2 da +3, silo da AC +3 da +1, kilomita 60, +1 da +2, kilomita 100, +4 da +5, hawa +5 da +6. Safe da rana bambancin 3 ne. Tashin asuba a fetur sumul.

Sai yanzu aka kunna gyaran kai da kai na ƙwaƙwalwar gas, mai karanta STFT da LTFT ta layin OBD, wanda sikana ke bi, aka iyakance shi ga kashi 8 sama ko ƙasa. Da an kunna shi tun farko da ya haɗiye toshewar filta da kuskuren sensa, ba a gan su ba.

Jimillar kayan da aka saya ₦105,000, ban da kuɗin aiki da man gwaji.

Na gaba: auna tazarar bawul da sanyi, ƙa'ida milimita 0.15 zuwa 0.25 na shiga, 0.25 zuwa 0.35 na fita, a rubuta don kwatantawa bayan kilomita 20,000, tunda gas busasshe ne kuma mazaunin bawul na fita yana lotsawa da shi. Za a buɗe filtar gas a kilomita 5,000 a ga yawan man da ta tara kafin a tsayar da wa'adin canza ta. Bayan haka za a gwada na'urar gabatar da wuta, mai sa fulogi ya kunna da wuri, a fara da digiri 6, a gas kaɗai, sannan a sake ɗaukar wuraren awo biyar ɗin da lamda ta cikakken totur.